Abincin da Kika Fi So

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Gwarzo lafiya lau muke, sai kewa. Ƙawayena masu leƙa shafina su yi haƙuri, yau da Ummata nake magana.

Umma, na fara koyon kwamfuta. Malama Ladi ce ke koya mana, mutuniyar Jos, mai yawan dariya. Satin da ya wuce ta ba mu aiki. Ta ce mu ƙera abin da ake kira kilas, wanda yake kamar akwatin buga bulo: duk abin da ya fito daga cikinsa gurabensu iri ɗaya ne, sai dai kowanne da abin da aka zuba masa. Mu tara su a jeri guda, mu sa kwamfuta ta fito da siffofin kowanne a allo.

Maza suka yi motoci da 'yan ƙwallo. Ni har na fara jera jaruman littattafan soyayyar da nake karantawa, sai na tuna Malama za ta duba, na goge da sauri. Na koma kan mutanen gidanmu, kowa da gurbi uku: suna, garin haihuwa, abincin da ya fi so. Na sa Baba, na sa Yaya Nura, na sa kaina. Sai kawai na ga hannuna ya ƙara ki, duk da shekara goma ke nan da tafiyarki.

Da na ce kwamfuta ta buga jerin, wasu haruffa da lambobi ta watso mini, ba sunan kowa. Na zata na lalata musu kaya. Malama ta leƙo ta ce, "Ke Hafsatu, sallama kika yi daga ƙofar gida kika tsaya! Adireshin inda ta ajiye kowa ta ba ki. Shiga ciki mana, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi kowa sunansa da garinsu."

Na rubuta layi biyu da ke zagaya jerin. Sai ga Baba, Gwarzo, tuwon dawa. Sai ga Yaya Nura da taliyarsa. Da aka zo kanki, sunanki ya fito, Kutama ta fito, a gurbi na uku kuma kalma ɗaya ta Turanci da ke nufin babu. Ni na bar shi fanko, na manta ban cike ba.

Umma, na san turaren da jarumar littafi take shafawa, na san launin mayafinta ranar da suka fara haɗuwa da saurayinta. Ban san abin da kike marmari ba.

Na kira Inna Asabe, ƙanwarki. Ta ce, "Yaya ai ba ta da tsirfa, ko me aka ba ta ci take." Yaya Nura ya ce tuwon dawa ne, tunda kullum shi kike tuƙawa. Wannan kuwa na Baba ne, na riga na rubuta masa.

Saura Baba. Kin san shi, ko sunanki ba ya kamawa, sai dai ya ce "marigayiya" ya kau da kai. Kwana uku ina juya tambayar a baki. Jiya bayan la'asar na same shi a tabarma yana ɓarar gyaɗa, na durƙusa, na miƙa masa waya da hoton allon, na ce aikin makaranta ne. Kaina a ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan Turancin fa?" Na gaya masa. Ya ture tiren gyaɗar gefe.

"Faten tsaki ne," in ji shi. "Da yakuwa har sai ya kama haƙori. Ba mai iya sha a gidan nan sai ita, shi ya sa ta daina yi." Ya ƙara matso da wayar kusa da ido. "Kuma wa ya ce miki Kutama? A Durun aka haife ta, riƙo ne ya kai ta Kutama."

Ban taɓa ji ba, Umma. Wa ya riƙe ki? Kin yi kuka ranar da aka tafi da ke?

Zan tashi Baba ya ce, "Abin nan, gurbi uku kaɗai yake ɗauka?" Na ce ko nawa ne, Baba, sai dai in an ƙara wa ɗaya kowa ya samu, har shi. Ya ce, "Ba komai. Ɗauko biro."

Har aka kira magariba yana faɗa ina rubutawa.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya shayar da ke abin da ya fi na duniya daɗi. Yau ni zan dama fate, kuma Baba ya ce a zuba masa.

'Yarki mai son ƙara saninki,
Hafsatu