Yaran Layinmu Sun Daina Surutu

Zuwa ga jami'in da ke kula da yaran da aka ƙwato daga daji, Gusau.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Yallaɓai, ya aiki?

Ni ce mahaifiyar Sanusi, wanda 'yan bindiga suka ɗauke yana korar tsuntsu a gonarmu ta 'Yankuzo. Da azumin bara ka damƙa mini shi a Tsafe, da tabarma da bokiti, aka yi mana hoto. Ka ce za ka turo masu zama da irinsu har hankalinsu ya dawo. Har yau ko ƙeyarsu ban gani ba.

Na farko, yaron nan bai kai shekara sha uku ba, amma ba ya amsa sunan da ubansa ya raɗa masa. Da hantsi sai ya hau tsamiyar bayan gida, ya ƙura wa hanya ido har la'asar. Aikin da suka ba shi can ke nan.

Na biyu, kuma shi ya sa ni rubutun nan: yaran layinmu. Da, ihunsu ba ya bari a ji kiran salla. Rannan suna wasan bindiga da karan dawa, Sanusi ya sauko ya gyara wa ƙaraminsu riƙo. Yanzu sai ka gan su jere bayansa, duƙe, ba mai cewa uffan. Ya ɗaga yatsa su kwanta. Wallahi Yallaɓai, tsigar jikina tashi take, ni da na haife shi.

Iyayen sun gani. Sau biyu 'yan sa-kai suna tsayawa ƙofarmu, su dubi tsamiyar, su wuce ba sallama.

Na je ofishinka, an ce kana taro. Haba Yallaɓai, taron hoto kawai kuke samun lokacinsa?

Roƙona, ka zo ka kai shi inda za a duba shi, a sa shi makaranta. Na yarda in yi kewarsa yana raye. Ya gaya wa ƙanwarsa cewa da zarar dawa ta yi tsayin da za ta ɓoye mai babur, mutanensa za su zo ɗaukarsa, kuma ba shi kaɗai zai bi su ba. Jiya na leƙa gona, dawar ta kai mini kafaɗa.

Allah ya tsare maka naka 'ya'yan, ya sa ka ji hayaniyarsu in ka koma gida.

Wassalam.
Mahaifiyar Sanusi, Tsafe.