Kazar da Ta Koma Cikin Ƙwai

Litinin, 3 ga Maris
Ni, Babban Farfesan Karatu na Ƙasa baki ɗaya, yau na karrama falon Yaya da karatu. Masu sauraro: 'yarta Mitsitsi, sai kyanwa. Littafin na boko ne, mai hotuna. Na buɗe shi ta inda na saba buɗe littafi, ta dama. Ga ƙatuwar kaza. Gaba ta ƙanƙance, gaba ta zama ɗan tsako, ƙarshe ƙwai. Labari ya samu: kaza ce duniya ta ishe ta, ta koma inda ta fito. Ni muryar kaza, Mitsitsi muryar tsako, har da fuffuka.

Laraba, 5 ga Maris
Yaya ta leƙo daga kicin. "Kai, ta baya ka kama shi!" Na ce Farfesa ake yi wa gyara? Na san gaskiyarta. Amma dariyar yarinyar nan... na ci gaba.

Asabar, 8 ga Maris
Yanzu ita ke bi da yatsa, dama zuwa hagu, yadda muke yi a allo. In tsaya in ce, "Sai kaza ta ce me?" ta ƙwala, "Na gaji, ku buɗe mini ƙwaina!"

Talata, 11 ga Maris
Mitsitsi ta dawo daga makaranta ido jawur. Malamarsu ta ce wa zai karanta, ta ɗaga hannu, ita da ba ta taɓa ɗagawa ba. Ta buɗe ta baya, ta zuba musu labarina. Aji ya fashe da dariya. Har sun laƙaba mata Koma-Ƙwai.
"Kawu, ka san ta baya ne?"
Na sani.

Laraba, 12 ga Maris
Yaya ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

Lahadi, 16 ga Maris
Na yi kukan kaza a bakin ƙofa, Mitsitsi ko ɗagowa ba ta yi ba. Yaya ta ce a aji ma ta daina buɗe baki. A wurin aiki taya ɗaya sai da na sake mata faci, mai babur yana ta mita.

Alhamis, 20 ga Maris
Na zaro littafin daga bayan kujera inda ta jefa shi, na zauna a ƙasa, na buɗe ta hagu. Hannuna har gardama yake. Na ce, "Malama Mitsitsi, wannan mai ƙugiyar fa?" Can, ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, "Ƙ ce." Ta kama yatsana ta ja shi kan layin. "Daga ƙwai ake farawa, Kawu."
Ba wai koyo nake ba. Bita nake mata.
Farfesa dai babu shi. Kawun Mitsitsi ne ya rubuta wannan, mai facin taya, da ajaminsa. Na boko kuwa harafi ɗaya gare shi, shi ma aro ne.