Sun Ƙi Kare Hukuncin Wanda Ya Kashe Mijina

Anti Barakatu, don Allah ki taimake ni da shawara. Ni malamar firamare ce a Darki. Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana Yahuza. Rigima ce ta haɗa shi da maƙwabcin gonarsa a fadama kan hanyar ruwa, mutumin ya buga masa fartanya a ka, ya kwana biyu a asibiti ya cika. Shekara uku muna zaryar kotu a Kano kafin a ɗaure mutumin.

Sai ya ɗaukaka ƙara. Babu wanda ya gaya mana ranar zama. Daga baya muka ji wai lauyan gwamnati ya miƙe ya ce ba zai kare hukuncin ba, domin babban shaida ya canja magana. Aka sake shi. Masu gabatar da ƙarar suka kuma ce ba za su kai maganar kotun sama ba.

Ran Juma'a na gan shi a kasuwar Wudil yana tayin akuya. Ya yi ƙiba. Na tsaya ina kallonsa, sannan na sayi manjana na hau mota. Ban yi kuka ba, ban ji haushi ba. Ina koyarwa, ina girki, kamar wata ce ke yi. Ƙanin mijina Tasi'u ya dage sai mun maka masu gabatar da ƙarar a kotu, surukata ta ce a bar wa Allah. Kowa ni yake jira, ni kuwa ban ma san abin da nake so ba. Shin kotu na iya tilasta musu? Kuma lafiyata kuwa?

Wata daga Darki

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Yahuza, ya raya abin da ya bari.

Lafiyarki ƙalau. Zuciyar da ta shekara shida a tsaye gajiya ta yi. Amma idan barci ko cin abinci ya fara gagarar ki, ki ga likita.

Batun kotu, ba zan ruɗe ki ba. Doka ta ba shugaban masu gabatar da ƙara iko mai faɗi kan ci gaba da shari'a ko barin ta, kuma da wuya alƙalai su sa baki. Ta yiwu lauyan nan gaskiyarsa ya bi, don bai kamata ya kare hukuncin da ya ga shaidarsa ta rushe ba. Sai dai barin ku cikin duhu bai dace ba, kuma Tasi'u bai yi laifi ba da ya nemi dalili.

Ki sami lauya cikin makon nan, akwai masu taimaka wa marasa ƙarfi kyauta. Ya karɓo kwafin hukuncin, ya duba ko wa'adin ɗaukaka ƙara bai wuce ba, ya rubuta koke a sake nazari, a kuma ba ku dalili a rubuce. Idan ya ce ƙofar ta rufu, ki yarda. Ki zaunar da Tasi'u gaban mahaifiyarsa, ya yi alkawarin ba zai tunkari mutumin nan ba.

Idan kin ji bayanin kika zaɓi ki tsaya nan, ba ki ci amanar mijinki ba. Kin raka shi iyakar inda ƙafarki ta kai. Allah ya sanyaya miki.