Layi Ɗaya a Littafin Aikin Ewald

Siegen, 19 ga Fabrairu, 1939

Zuwa ga yayana Alwin,

Ina gaishe ka da kewa mai yawa, da fatan Allah ya ƙara maka lafiya, kai da matarka Erna da yara can Brazil. Mu nan muna lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. 'Yarmu Traude ta cika sha huɗu, ta kusa kamo ni tsawo. Wannan takarda wani direba zai jefa ta a gidan waya a Holan, shi ya sa zan yi magana ba rufa-rufa.

Takardun jirgin ruwa sun iso, mun ga kuma hoton gidan burodin da ka ce murhu guda na jiran mijina Ewald. Yaya, ba za mu iya zuwa ba, kuma ni na ja mana.

Ka tuna shekara huɗu da Ewald ya yi ba aiki bayan an rufe gidan burodinsu. To da gwamnati ta fito da littafin aiki, wanda ba a ɗaukar kowa sai da shi, na raka shi ofis. Magatakarda ya tambaye shi sana'arsa, ya ce gashin burodi. Ya ce ko akwai wata. Sai na zungure shi, na ce ya faɗi waldar da ya koya wata shida wurin kawunsa, ai ba a ɓoye hannu lokacin yunwa. Aka rubuta. Cikin mako biyu ya samu aiki a masana'antar ƙarfe, har na yi ta yi wa maƙwabta burga da wayona.

Littafin kuwa a aljihun teburin mai masana'anta yake kwana, ba a hannun ma'aikaci ba. Da takardarka ta zo, Ewald ya je ya roƙa a ba shi. Shugaban sashensu ya yi dariya, ya ce masa burodi ko tsohuwa ta gasa, mai walda kuwa ƙasa ce ke da shi. A ofishin aiki suka buɗe takardunsa, suka nuna masa layin waldar nan da yatsa, suka ce ma'aikacin ƙarfe ba ya sauya wuri, balle ya tsallaka teku. Ya ce musu wata shida kawai ya koya. Suka ce yanzu ai shekara uku ke nan, ya ƙware.

Awa goma yake yi kullum, wani lokaci har Lahadi. Wai tankunan ruwa suke haɗawa. Shi dai ya ce bai taɓa ganin tankin ruwa mai kafar leƙe irin ta motar yaƙi ba. In ya dawo sai ya gutsuri burodin shago, ya shinshina, ya ce an cika masa garin dankali, ya ajiye. Bai taɓa ce mini laifina ne ba, kuma wallahi da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. A rediyo kullum murna ake yi babu sauran mai zaman banza. Gaskiya ne. Babu kuma mai iya tashi daga inda aka ajiye shi.

Ga abin da muka yanke. Traude za ta gama makaranta da bikin Ista, daga nan a ba ta nata littafin, a tura ta aikin gona na shekara guda. Yanzu dai sunanta bai shiga hannunsu ba. Za ta hau jirgin ran huɗu ga Afrilu tare da matar fasto Rühl da ke komawa wajenku. Tana tsoron karnuka, kuma ba ta faɗi in tana jin yunwa, sai Erna ta lura da kanta.

Ka gaida Erna, da Lothar da ƙaramar Irmgard, da Gwaggo Mathilde in tana gane mutane har yanzu. Mama da Ewald suna gaishe ku. Murhun nan ka ba wani, kada ya zauna a sanye.

Mun gaya wa Traude za mu biyo ta kafin sanyi ya shigo. Don Allah kada ka gyara mata wannan magana sai ta saba da ku.

Ƙanwarka,
Ottilie