Ruwan da Muka Roƙa

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana tare da ke a makwancinki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma maganar da ke cina ba ni da wanda zan gaya wa a garin nan sai ke.

Ba ki san Ummi ba. Bayan rasuwarki na haife ta, muka sa mata sunanki. Har wushiryarki ta ɗauko.

Bara, bayan an yi shuka, ruwa ya ɗauke. Gero ya kai gwiwa, ya fara nannaɗe ganye. Daga nan har garin Kunci ba ka jin zancen komai sai na fari. Liman ya ce a yi azumi a fita roƙon ruwa. Maza suka fita bayan gari, suka juya rigunansu. Ni kuma na tara matan da nake koyarwa a Islamiyya, muka daka gumba muka raba wa yara sadaka. Ummi ce ta riƙe mini ƙwarya. Na roƙa, Inna, har da hawaye.

Aka ba mu. Ruwa ya sauko ya ƙi ɗaukewa, kwana da kwanaki, har ƙasa ta ƙoshi. Ran nan da hantsi Ummi tana kwance a ɗaki da zazzaɓi, ni ina tsakar gida ina buɗe rariya da fartanya. Ban ma ji wata babbar ƙara ba. Juyowa kawai na yi na ga sarari a inda bango yake. Da hannu muka tono ta.

Geron kuwa ya yi kyau. Rumbunmu ya cika har muka zuba saura a zaure. Mutane sukan ce damina ta yi albarka, in suka gan ni sai su yi shiru. Kullum da hatsin ruwan nan nake tuƙa tuwo, kuma ina ci, don yunwa ba ta ƙyale ni.

Tun daga nan nake yawan tuna ki. Idan hadari ya haɗo, kikan tsaya a bakin ƙofa ki ce, "Sannu da zuwa." A wajen mahaifiyarki kika gaje shi, ita da ta tashi cikin Maguzawa kafin ta musulunta. Da na tambaye ki wa kike gaisarwa, sai kika ce, "Shi mana. Ke kina neman sa a sama, ni kuwa ga shi nan a ruwa, ga shi a ƙasa, ga shi a tsamiyar can." Na ce miki malamai sun hana wannan magana. Kika yi dariya, kika ci gaba da alwalarki.

Inna, na gwada maganarki a zuciyata. Idan Shi ne ruwan, Shi ne bangon, kuma Ummi ma daga jikinsa take, to babu wanda ya zauna ya yanke mata hukunci, babu kuma inda ta tafi. Wallahi na ji sanyi, har na ɗan yi numfashi. Amma da na kai goshina ƙasa sai na rasa wanda nake kira. Ruwa ba ya jin kuka. Ƙasa ba za ta miƙo mini 'yata ranar tashi ba. Ni Mai ji nake so, wanda zai mayar mini da ita.

To amma Mai jin nan ya ji ni ranar da na roƙa, kuma ya san bangon. Nan nake tsayawa. In na yi gaba na ji tsoro, in na yi baya na rasa ta.

Na taɓa gaya wa Malam, mahaifin Ummi. Ya dube ni a firgice, ya ce in yawaita istigfari. Ban sake ba. Da ƙasar tsohon bangon ya sake gina sabon, a ɗakin nake kwana.

Matan Islamiyya suna zuwa har yanzu. Ni ce mai karanta musu babin ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi. Suna kallona suna gyaɗa kai, suna cewa da ma su samu irin haƙurina. Ban bar salla ba, ban kuma ƙaryata abin da nake koya musu ba. Kawai dai idan aka zo addu'a, na ɗaga hannu, sai in ji tsoron roƙon komai, kada a ba ni.

Ke kam kin riga ni sanin gaskiyar maganar yanzu. Ni ina nan inda kika bar ni.

Allah ya gafarta miki, Inna, ya haskaka kabarinki. Idan da kuskure a maganarki ko a tawa, ya yafe mana, don ya san ba gudunsa muke ba. Allah ya sa yarinyar nan tana kusa da ke. In tana nan, ki goya ta. Ba ta son kwanciya ita kaɗai.

Wassalam.

'Yarki,
Rabi