Fil ɗin nafkin da ya shiga tsakanin maigidana da amininsa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, iyayena da yayyena da ƙannena. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba, abin da ke cikina ne kawai zan zubo yadda ya zo.

Ni matar aure ce a Tudun Wada Zariya, ina da 'ya ɗaya 'yar wata bakwai, zan kira ta Amira. Maigidana tela ne, mutum ne mai haƙuri, ba ya duka ba ya zagi, abu ɗaya ne ba ya yafewa da wuri, ƙarya. Yana da amini tun suna firamare, zan kira shi Ishaya, Kirista ne, yana gyaran talabijin da rediyo a Kwangila. Layinmu ɗaya da su. Da Sallah mu kai musu nama, da Kirsimeti su aiko mana da shinkafa da kaza wadda maigidana da kansa ake kira ya yanka. Ranar da naƙuda ta kama ni maigidana ya tafi Kano sayo yadi, matar Ishaya, Maman Rahila, ita ta tare keke ta kai ni asibiti, ita ta fara ɗaukar Amira kafin ma uwata ta iso. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutanen da na cuta.

Maigidana ya daɗe yana burin hom tiyata, wato kayan sauti na falo, irin wanda yake da kan inji guda, risiba suke ce masa, sai ƙananan sifiku biyar da babba ɗaya mai gurnani da ake ajiyewa a ƙasa. Bayan ɗinkin Sallah ya samu hali, Ishaya ya raka shi ya zaɓa masa, shi kuma ya zo ya haɗa mana a falo. Ina zaune ina shayar da yarinya ina jin duk bayanin da yake yi. Ya ce wannan na masu farawa ne, ƙarami ne a cikinsu, zai ishi falo irin namu amma kada a ɗauke shi kamar na masu kiɗan biki. Ya nuna 'yan tsagogin da ke samansa ya ce babu fanka a ciki, ta nan yake numfashi. Har ya juyo yana tsokanata, ya ce "Amarya, na san ku, ko bokiti kuka samu sai kun yi masa lulluɓi da leshi, to wannan dai a bar shi tsirara." Muka yi dariya, na ce "Baban Rahila ai ka san ni da jin magana." Maigidana ya ƙara jaddada mini bayan ya tafi, na ce na ji.

Gaskiya abin yana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Ranar farko da aka sa fim aka yi ruwa a ciki, sai na ji yayyafi ta bayana, na miƙe da gudu zan kwashe shanya, maigidana ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Abin da ya fi burge ni shi ne sifikar tsakiya, magana tana fita tas ko da an rage murya, ba kamar talabijin ɗinmu ba da sai ka ƙure ka ji kamar mutum yana magana a cikin tukunya. Surukina, Baba, kunnensa ya yi nauyi, amma a falonmu yake jin tafsiri kalma kalma, shi ya sa duk Juma'a bayan an sauko yakan biyo ya zauna. Ni kuma na iya haɗa wayata da shi ta bulutut, in sa karatu a hankali Amira ta yi barci. Amma yana da nasa halin. In an ɗauke wuta sai ya manta duk saitin da aka yi masa, sai an sake daga farko. Rimot ɗinsa sai ka tsaya a gabansa sak kamar mai gaisuwa. Wayoyin baya da ɗan maƙali ake riƙe su, ina shara tsintsiya ta taɓa sai ɗaya ta zame, sifika ɗaya ta yi shiru. In aka ƙure murya sauti ya fara fashewa. Sai kuma zafi, awa ɗaya in ya yi yana aiki, ka ɗora hannu a kansa kamar murfin tukunyar da aka sauke.

Wannan zafin shi ya ja ni. Damina ta yi nisa, kwana uku huɗu rana ba ta leƙowa, kayan Amira in na shanya sai su kwana su wuni da danshi, ga ta da mura ƙirjinta yana kurkur. Ni kuma tun da aka ce mini sanyi yana shiga ƙirjin jariri ba na samun sukuni, ko tari ɗaya ta yi sai gabana ya faɗi. Dutsen gugarmu yana shago wurin maigida. Wata rana ina goge ƙura na ji ɗumin nan a tafin hannuna, sai zuciyata ta ce ai safa ɗaya ba rufewa ba ce. Na matse 'yar safarta na ɗora a gefe, kafin in gama wanke-wanke ta bushe ƙayau, har da ɗumi mai daɗi. Washegari na ɗora biyu da hula. Na lura in murya ta ɗan yi sama ya fi saurin zafi, sai in ƙara in tafi kicin. Kafin maigida ya dawo na kwashe na goge. Na yi sati uku a haka, har ina jin kaina mai dabara, har na so in ba wata ƙawata sirrin, Allah ya sa ban faɗa ba.

Ranar da abin ya faru Talata ce da hantsi, nafkin ɗinta duk sun jiƙe, saura ɗaya a jikinta. Na ɗauki ɗaya mai kauri na ninka biyu na shimfiɗa a kai, ya rufe tsagogin gaba ɗaya, na ƙara murya na fita tsakar gida. Ban daɗe ba na ji ɗas, karatu ya tsaya. Na ɗauka wuta aka ɗauke, sai na ga ƙwan falo yana ci. Ina shiga wari ya tare ni, irin na roba in ta ƙone. Na fizge nafkin ɗin, na zare soket, na kunna na kashe ya fi sau goma, ko 'yar jar fitilar nan ba ta kawo ba. Na goge saman, na buɗe taga, na sa turaren wuta a kasko na zagaya falon sau biyu.

Da maigida ya dawo cin abincin rana na ce masa haka kawai ya yi ƙara ya mutu. Ya dube ni ya tambaya ko na rufe shi da wani abu, na ce a'a. Ya sake tambaya, na sake cewa a'a, har na haɗa da cewa ai ina nan Baban Rahila ya yi gargaɗi. Bai ƙara tambayata ba. Sai ya tuna cewa ranar Asabar da ta wuce Ishaya ya zo ya gyara wayar bayan nan da take zamewa, nan take ya yanke cewa shi ya haɗa wayoyi suka taɓa juna. Ina jin yana faɗa, na sunkuyar da kai ina jijjiga Amira. A raina na ce ai aminai ne, za su yi 'yar magana ta wuce.

Ba ta wuce ba. Ya ɗauki injin a acaɓa ya kai Kwangila. Abin da na ji daga bakinsa da ya dawo, Ishaya ya tambaye shi ko an ɗora wani abu a kai, maigidana kuma ransa ya ɓaci, ya ce wato matarsa ake so a ɗora wa laifi. Magana ta yi tsawo a gaban mutanen da suka kawo gyara, har maigidana ya ce masa dama tun farko shi ya zaɓo masa mai rauni, kuma in bai iya aiki ba ya daina taɓa kayan mutane. Ya ce ya faɗa masa a gaban kowa, "Matata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba." Yana ba ni labarin nan yana jiran in ji daɗi, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya bar injin a can ya ce ya gyara ko ya san yadda zai yi. Tun daga ranar ba sa gaisawa sai ɗaga hannu daga nesa. Maganar ta shiga majalisarsu, na ji an ce mutum biyu a layinmu sun je sun karɓo talabijin ɗinsu daga shagonsa ba a gyara ba. Mutumin da da wannan sana'ar yake ciyar da 'ya'ya huɗu.

Ni kuma tun ranar na nemi fil ɗin da nake maƙale nafkin da shi na rasa, wani mai shuɗin kai da na ɗaura wa jan zare don kada ya ɓace mini. Na duba ƙarƙashin kujera, na zazzage kwandon wanki, har na tsorata ko Amira ta haɗiye, na yi kwana biyu ina duba kashinta. Ban kawo komai a raina ba.

Shekaranjiya da la'asar sai ga Maman Rahila, rabonta da gidanmu sati biyu. Ta ɗauki Amira tana yi mata wasa, "Kishiyar Rahila, kin yi ƙiba kin manta da mu ko?" Ta tambayi murar, ta ce in riƙa shafa mata man zafi kaɗan a tafin ƙafa. Na kawo mata ruwa. Da za ta tafi ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar takarda a naɗe ta sa mini a hannu. Na buɗe, fil ɗina ne, ya yi baƙi, kan ya narke gefe ɗaya, jan zaren yana nan rabi. Ta ce "Baban Rahila ya ce in kawo miki kayanki, a cikin injin ya same shi, ta tsagar sama ya faɗa. Ya ga kuma inda ruwan sabulu ya ɗiga ya bushe." Na kasa ɗaga ido. Ta ce "Tun ranar da aka kai ya buɗe ya gani. Ya ce in gaya miki ba zai faɗa ba, ba shi zai shiga tsakanin mutum da iyalinsa ba, ni ma ya hana ni." Na fashe da kuka na riƙe hannunta, ta ce "Haba ƙanwata, ni ma na taɓa shanya a bayan firij. Ban zo don ki yi kuka ba." Ta gyara wa Amira hula ta fita. Ba ta ce in faɗa ba, ba ta ce kada in faɗa ba.

Wato sati biyu yana ɗauke da zagi da asarar masu kawo gyara, shaida tana cikin aljihunsa, ya yi shiru saboda aurena. Ni da abin ya fito daga hannuna ina cin abinci ina barci a kan sunansa.

Na san za ku ce in faɗi gaskiya, ni ma zuciyata abin da take ce mini ke nan, amma ku ji tsorona. Ba injin nake ji ba, na san da tun ranar na faɗa, da faɗa zai yi na yini ɗaya ya wuce. Yanzu kuwa ya tsaya a gaban mutane ya rantse da gaskiyata, ya wulaƙanta amininsa na shekara da shekaru a kaina. In na faɗa, kunyar da zai ji ta komawa shagon nan ya ba da haƙuri, ni zai riƙa gani a duk lokacin da ya tuna. Ina tsoron ya daina yarda da ni har abada, ko na ce masa Amira ba ta da lafiya ya tsaya yana dubana. In kuma na yi shiru, kullum na ga Maman Rahila a bakin famfo na san ta sani, ta san na sani.

Ga shi Baba ya ji labarin, da ya zo Juma'ar da ta wuce ya tarar babu tafsiri ya tambayi dalili. Ya ce wannan Juma'ar zai kira su biyun ya zaunar da su a falonmu, kuma na ji yana cewa zai sa Ishaya ya ba da haƙuri tunda kuskuren aiki ne, magana ta mutu. Na san halin Baban Rahila, zai bayar. Zai durƙusa a gaban Baba ya nemi gafarar abin da bai yi ba, ni ina kicin ina dama musu kunu.

To 'yan uwa, yau Laraba. In faɗa wa maigidana mu biyu kafin ranar, ko in fara zuwa wurin Baba ya shige mini gaba? Da wane baki zan fara, bayan na ce a'a har sau biyu? Matan aure da suka taɓa faɗa wa miji gaskiya bayan sun ɓoye, yaya ta kasance, yarda tana dawowa? Mazan da ke nan, in kai ne me za ka fi so ka ji, kuma daga bakin wa? Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Fil ɗin yana nan ƙulle a bakin zanina, duk inda na juya yana sukata, kuma jibi ne Juma'a.