Harsasai Shida a Durowar Safa

Litinin, 3 ga Afrilu

Ɓarayi sun shiga gidan Tollefson jiya da rana tsaka, mutane suna coci. Gwen, matar gidan, ce kaɗai a gida saboda ciwon ƙafarta. Ta kulle kanta a banɗaki tana jin su suna zazzage ɗakuna, kuma sai da aka yi minti talatin da takwas kafin motar 'yan sandan gunduma ta iso. Gonarmu ta fi tasu nisa da gari da mil shida. Daga ni sai Baba, ni hamsin da takwas, shi tamanin da huɗu.

Na ba shi labari muna cin abinci. Ya ce, "Su zo mana, Marlys. Tana nan cikin durowar safa." Libarbarsa yake nufi, bindigar nan tasa wadda ta girme ni. Na yi dariya don ya ji daɗi.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Na je shagon Wendell mai sayar da bindigogi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ɗauko mini wata 'yar mitsitsiyar bindiga ruwan hoda, wai ita mata suke so. Na ce, "Wendell, ni da na shekara talatin ina jawo 'yan maruƙa daga cikin uwarsu, wannan abin kwalliyar za ka ba ni?" Ya sosa ƙeya. Da ya ga da gaske nake sai ya faɗi gaskiya: ƙananan sun fi dukan hannu, kuma sun fi wuyar saiti.

Ya miƙo wata babba ya ce in ja murfin saman baya. Na ja, na sake ja, sanyin ƙashin yatsuna ya ce bai san zancen ba. Kunya ta kama ni a gaban wasu maza biyu masu kallon ƙugiyoyin kifi.

Ya ce kada in sayi komai sai na ga Deanna Kautz, tsohuwar 'yar sanda, tana koyar da harbi ranar Asabar a bayan filin baje kolin shanu.

Asabar, 8 ga Afrilu

Mu bakwai ne. Taɓo har idon sawu, ƙanƙara tana narkewa. Deanna gajeriya ce, ba ta ɗaga murya, kuma awa biyun farko ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Dokoki kawai. Kowace bindiga a ɗauka cewa akwai harsashi a cikinta. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya rasawa ba. Yatsa nesa da kunama. Ka san abin da za ka harba da abin da ke bayansa.

Da ta ce in miƙo mata wata libarba daga kan tebur, sai hannuna ya buɗe gangar da kansa, na nuna mata ramukan shida babu komai, na miƙa bakin yana kallon ƙasa. Ta dube ni. "Wa ya koya miki?" Na ce Baba, ina shekara tara. A gidanmu ba a miƙa bindiga a rufe. Wani baƙo ya taɓa yin haka a falonmu, Baba ya ɗauko masa hularsa ya raka shi mota, kofinsa ko hucewa bai yi ba.

Ta ce wa sauran, "Kun ga 'yar gidan tarbiyya." Na ji daɗi kamar yarinya. Ban ɓoye ba.

Laraba, 12 ga Afrilu

Wuyan hannuna yana zogi. Baba ya tambaye ni sau uku ko Mama ta dawo daga gari. Shekararta shida a ƙasa. Gajiya ce, bai yi barcin rana ba.

Asabar, 15 ga Afrilu

Na gwada bindiga biyar. Ashe ba da yatsu ake jan murfin ba, riƙe shi ake yi da tafin hannu a tura bindigar gaba da ɗayan. Abin da Wendell bai iya faɗa ba ke nan. Wadda ta zauna mini matsakaiciya ce, baƙa, ba kyau ba muni, kamar tukunyar da aka saba da ita. Daga taku bakwai na zuba harsashi goma a faɗin faranti.

Kafin mu tashi Deanna ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambayar wa da wa ke kwana a gidan, wa zai iya kai hannu gare ta. Na ce daga ni sai Baba, shi kuwa ya fi mu duka sanin bindiga. Ta ce, "Shekarunsa nawa?" Na faɗa. Ta wuce kan ta gaba, ni kuma haushin tambayar ya biyo ni har gida.

Talata, 18 ga Afrilu

Bari in rubuta yadda ya faru.

Bayan karin kumallo ina ba shi labarin wadda na zaɓa. Ya ce waɗannan na zamani robobi ne, bari ya nuna mini bindiga ta gaske. Ya shiga ɗaki ya fito yana murmushi. Ya miƙo mini ita a rufe. Bakinta a saitin cikina, yatsansa a kan kunama.

Ban yi ihu ba. Na matsa gefe a hankali, na ɗora hannu a kan nasa, na ce, "Kawo, Baba, in gani." Ya sake mini. Na buɗe gangar. Shida, cif.

Ya leƙa, ya ce, "Wa ya zuba mata harsashi?" Daga nan ya koma kan kofinsa yana zancen farashin ciyawa.

Mutumin da ya kori baƙo saboda wannan.

Laraba, 19 ga Afrilu

Na mayar masa da ita durowa, don ya yi ta nema yana zagaye gida. Ban gaya wa kowa ba. Duk motsin da ya yi a ɗakinsa sai na ajiye abin da ke hannuna.

Asabar, 22 ga Afrilu

Harbina yau duk ya watse. Da aka tashi Deanna ta tsayar da ni a bakin motarta, na faɗa mata. Ban yi niyyar kuka ba.

Ta ce, "Yau za ki ɗauke ta, ba gobe ba."

Na ce ba ta san shi ba ne. Bara da na karɓe makullin motarsa, sati guda yana zuwa ya zauna a cikinta da safe, hannu a kan sitiyari, ba ya yi mini magana. Tarakta ta tafi, shanu sun tafi. Abu ɗaya ya rage masa da yake cewa da shi yake tsare ni. In na ɗauke, na gaya masa ya gama amfani ke nan.

"Ke kuma in ta tashi a cikinki, wa zai dafa masa abinci?" Haka ta ce, ba ko sassautawa.

Can ta buɗe jakarta ta ƙirgo mini harsasan koyo guda shida, irin waɗanda muke gwada ɗurawa da su. Kwanson tagulla ne kamar na gaske, amma babu albarushi, gindinsu roba. Ta ce ba ta so, kuma na ɗan lokaci ne. "Ki tuna, Marlys, duk wanda ya gan ta a hannunsa ba zai san na bogi ba ne. Kada ta fita daga ɗakin nan."

Lahadi, 23 ga Afrilu

Bayan coci ya kishingiɗa a kujerar falo. Na cire takalmi na shiga ɗakinsa. Na zare shidan na zuba na Deanna, na kwashe kwali biyu da ke saman kabad, har da wasu uku da na tsinta a aljihun rigar farautarsa. Ina ta kasa kunne ko zai motsa.

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar yau ba. Da yamma na yi masa gashin dankali da nama irin wanda yake so, ya ce na cika gishiri.

Asabar, 29 ga Afrilu

Na karɓo tawa a wajen Wendell, da akwatin ƙarfe mai lambobi. Na ɗaure shi da kusoshi a jikin gadona. Harsasan Baba ma suna ciki. Deanna ta ce in riƙa gwada buɗewa har hannu ya haddace, yanzu ina yi cikin daƙiƙa huɗu. Lambar ba ranar haihuwar kowa ba ce, don duk ya san su. Ko dai ya taɓa sani.

An ce an kama waɗanda suka shiga gidan Tollefson a wata gunduma. Na ji labarin kamar na wata ƙasa.

Alhamis, 4 ga Mayu

Yau ya tashi garau. Ya yi aski da kansa, ya tuna sunan likitan shanunmu na da. Wajen ƙarfe goma ina shanya na ji ya kira ni, da cikakken sunana, yadda yake yi in na yi laifi ina ƙarama.

Yana zaune a bakin gado, tsumma da man goge bindiga a gefensa, shidan a tafin hannunsa. Ya juya ɗaya yana danna robar gindin da farce.

"Waɗannan ba su da nauyi."

Na ce sabon samfuri ne, Baba, haka ake yin su yanzu.

Ya dube ni, irin kallon da ban gani ba tun kafin hunturu. Shekara saba'in yana riƙe harsashi, ni zan yi wa wayo. Ya ce, "Me na yi?"

Na faɗa masa. Duka, har da yatsan. Bai musa ba. Ya dubi cikina, ya dubi hannunsa, ya daɗe. Sannan ya mayar da su ramukansu ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye ta ƙarƙashin safa, ya tura durowar.

"Samfurin yana da kyau," ya ce. "Inda kika kai na da ɗin, kada ki gaya mini. Ko na tambaya. Ko na yi faɗa."

Na ce to.

Da rana ya nemi sanin ko Mama ta dawo. Na ce tukuna.

Na kira asibitin gari na karɓi ranar gwajin ƙwaƙwalwar da likita ta daɗe tana cewa a kawo shi, sha shida ga wata. A kalandar kicin, inda zai gani, na rubuta awon jini.